Temple, Castlehaven ko takardar sulhun 1649: da wanne za a fara karanta tawayen Ayalan?

Duk wanda ya yi niyyar jin labarin tawayen da ya ɓarke a Ayalan a 1641 daga bakin mutanen zamanin, abin da zai fara kashe masa jiki shi ne yawan takardu. A Landan kaɗai, wani mai sayar da littattafai, George Thomason, ya tara ƙasidu da ƙananan littattafai kimanin 22,000 da aka buga tsakanin 1640 da 1661, kuma ba kaɗan ba ne a cikinsu suke maganar Ayalan. Ba mai iya karance su, dole sai an zaɓa. A wurina zaɓin ya tsaya a kan uku: littafin Sir John Temple na 1646, The Irish Rebellion, wanda ya fi kowanne suna, tarihin rayuwar da basaraken Castlehaven ya buga a 1680, da wata ƙasida da ta fito a Landan a watan Mayun 1649 ɗauke da sharuɗɗan sulhun da wakilin sarkin Ingila ya ƙulla da Katolikan Ayalan, da kuma sharhin marubucin Ingila John Milton a kansu. Idan lokacinka na ɗaya ne kawai, shawarata ba ta kan wanda ya fi suna.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a gurguje. Tun daga 1609 gwamnatin Ingila ta shiga ƙwace filayen sarakunan gargajiya na lardin Ulster, a arewacin tsibirin, tana zaunar da mutanen Ingila da na Sukotlan mabiya Furotesta. A daren 22 ga Oktoban 1641 Sir Phelim O'Neill da mutanensa suka kame Charlemont da Dungannon. Shirin kame fadar Dublin washegari ya wargaje, don wani Owen O'Connolly ya tsegunta wa hukuma. Manyan da suka kitsa abin so suka yi su matsa wa Sarki Charles na Ɗaya ya saurari kokensu, amma linzami ya kuɓuce musu. Talakawa suka far wa baƙin, aka kwashe dukiya, aka tuɓe mutane aka kora su cikin hunturu, aka yi kashe-kashe, ɗaya ɓangaren kuma ya yi ramuwar gayya. A 1642 Katolika suka kafa gwamnatinsu a Kilkenny, kuma daga nan har 1649 ana yaƙi ana neman sulhu a lokaci guda.

Temple ba ɗan kallo ba ne. Babban jami'in shari'a ne a Dublin, mai kula da kundayen kotu, kuma yana cikin majalisar da ke tafiyar da mulkin ƙasar ranar da wutar ta tashi. A 1643, da sarki ya nemi a tsagaita wuta da Katolika, Temple na cikin waɗanda suka ƙi, aka ɗaure shi kusan shekara guda. Da ya fito sai ya wuce Landan ya bi bayan majalisar dokokin da ke yaƙi da sarki. Littafinsa ya fito a 1646, shekarar da wakilin sarki a Ayalan, James Butler, wanda aka fi sani da sarautarsa ta Ormond, ya ƙulla sulhun farko da Kilkenny. Wannan daidaituwar lokaci ita ce mabuɗin littafin. An rubuta shi ne don duk Bature mai karatu ya ji cewa mutanen da ake shirin zama da su a teburi ba abokan sulhu ba ne.

Kayan aikinsa na gaske ne, kuma a nan ƙarfinsa yake. A Disambar 1641 hukuma ta naɗa limaman coci takwas ƙarƙashin Henry Jones su riƙa ɗaukar bayanan rantsuwa daga 'yan gudun hijirar da ke kwarara Dublin. Waɗannan bayanai, tare da na baya da aka ƙara, sun kai kimanin 8,000, a kundi 31, suna ajiye a Kwalejin Trinity ta Dublin tun 1741, kuma tun 2010 kowa na iya karanta su kyauta a intanet. Idan ka buɗe ɗaya, yawanci ba da jini yake farawa ba. Mutum zai faɗi sunansa da ƙauyensu, a rantsar da shi, sai ya shiga lissafi: shanu kaza na fam kaza, dawakai, hatsin da ke rumbu, bashin da yake bin wane, hayar gonar da ya yi asara. Bayan lissafi sai sunayen waɗanda suka zo masa, galibi maƙwabtan da ya sani, sai kalaman da ya ji sun furta. Daga nan ne wasu ke shiga labarin kisa, wani ya ce ya gani da idonsa, wani ya ce an faɗa masa. Temple ya tsallake shanun ya tsinci kisan, kuma bai damu ya raba gani da ji-ta-ji-ta ba. Abin da ya faru a gadar Portadown a Nuwambar 1641, inda aka tura mutane kimanin ɗari cikin kogin Bann suka halaka, gaskiya ne. Amma a littafin yana zaune kafaɗa da kafaɗa da labarin fatalwowin da aka ce an gani daga baya a tsakiyar kogin suna kururuwar neman fansa, kuma da murya ɗaya aka ba da su.

Sai batun adadi. Temple ya ce daga farkon tawayen zuwa tsagaita wutar Satumbar 1643, sama da mutum 300,000 aka kashe, ko aka halaka ta wata hanya, ko aka raba da muhallansu. A yi masa adalci, ya haɗa da korarru, amma masu karatu kisan kawai suka riƙe, kuma duk Furotesta da ke tsibirin a lokacin ba su kai wannan adadi ba. A 1767 wani limamin cocin Ingila, Ferdinando Warner, ya zauna da bayanan kansu ya ƙirga, ya samu kimanin 4,000 da aka kashe da kimanin 8,000 da sanyi da yunwa da wahala suka kashe. Masana na yanzu ba su yi nisa da lissafinsa ba. Dubu goma sha biyu ba ƙaramin rashi ba ne, kada a ɗauka ina rage shi. Amma akwai dalilin da ya sa wasu suka fi son babban adadin. Tun a Maris ɗin 1642 majalisar Ingila ta yi dokar da ta jinginar da eka miliyan biyu da rabi ta ƙasar Ayalan ga duk wanda ya ba da rancen yaƙi, kuma ba za a sami fili haka ba sai laifin ya hau kan kowa. Kashe-kashen da aka yi wa Katolika kuwa, irin na Islandmagee a farkon 1642, ba su ne damuwar Temple ba. Laifi tudu ne.

To me zai sa a karanta shi? Saboda abin da ya yi a duniya bayan ya fita daga maɗaba'a. An riƙa sake buga shi duk lokacin da tsoron Katolika ya motsa a Ingila ko Ayalan, har zuwa 1812. Majalisar da Sarki James na Biyu ya kira a Dublin a 1689 ta yi umarni hauni ya ƙona shi. Da Oliver Cromwell, kwamandan sojojin majalisar Ingila, ya karkashe mutanen Drogheda a Satumbar 1649, hujjar da ya kawo ita ce hukuncin Allah ne a kan masu jinin bayin Allah a hannu, alhali garin ma ba ya hannun 'yan tawayen 1641. Duk mai son sanin inda irin wannan tunani ya sha ruwa, dole ya bi ta kan Temple. Amma labarinsa bai wuce watannin farko ba, don haka a kan yadda aka yi cinikin sulhu ba shi da abin ba ka.

Castlehaven wani irin mutum ne daban. Sunansa James Tuchet, Baturen Ingila ne, Katolika, mai gida a yankin Kildare. A faɗarsa, da tawayen ya tashi ya miƙa kansa ga hukumar Dublin aka ƙi shi saboda addininsa, daga baya aka tuhume shi da cin amanar ƙasa aka tsare shi, ya gudu a 1642 ya faɗa Kilkenny, aka ba shi jagorancin mayaƙa. Ya ce abin da ya sa shi rubutu shi ne wata rana yana duba littattafai a rumfunan harabar cocin St Paul a Landan, ya tarar an fito da tarihin yaƙin an ambaci sunansa yadda bai gamsu ba. Littafin gajere ne, a yini ɗaya sai ka gama. Harshen soja ne: mun tashi daga nan, mun kwana can, abinci ya ƙare, doki ya gaji. Bai wanke tawayen ba, amma ya lissafa abubuwan da suka tunzura shi, ya kuma ce ɓangarorin biyu duk sun yi zalunci. Faɗin haka a 1680 ba wasa ba ne, don a lokacin Landan na cikin ruɗanin ƙagen da aka yi cewa Katolika na shirin kashe sarki, ruɗanin da ya kai ga rataye babban bishop Oliver Plunkett a 1681. Littafin ma ya tayar da ƙura: basaraken Anglesey ya buga martani da ya taɓa mutuncin Ormond, rigimar ta kai gaban Sarki Charles na Biyu, Anglesey ya rasa muƙaminsa a 1682.

Matsalarsa biyu ce. Ya rubuta ne bayan kusan shekara arba'in, da ka, kuma don wanke kansa. Sannan surukin gidan Ormond ne, 'yar'uwarsa na auren ƙanin Ormond, shi kuma da Owen Roe O'Neill, kwamandan mayaƙan Ulster, ba sa ga maciji tun yaƙin da suka fita tare a 1644 ya tashi a tutar babu. Duk inda ya zo kan Owen Roe ko jakadan Fafaroma, sai ka rage wani abu. Yana da daɗin karatu, ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, amma a kan sulhu ra'ayin wanda ya goyi baya yake ba ka, ba ya nuna maka abin da aka rubuta.

Kafin a fahimci ƙasidar 1649 sai an san wahalar da aka sha kafin a kai gare ta. An tsagaita wuta ranar 15 ga Satumbar 1643, Kilkenny ta yi alkawarin ba sarki kimanin fam 30,000. Sarki na bukatar sojojin Ayalan don yaƙinsa da majalisa, amma idan ya ba Katolika 'yancin addini a fili, magoya bayansa Furotesta za su watse. Sai ya yi baki biyu. Ormond na ciniki a sarari, basaraken Glamorgan kuma ya ƙulla wata yarjejeniya a ɓoye a Agustan 1645 wadda ta bar wa Katolika cocin da ke hannunsu a madadin soja 10,000. A Oktoba aka kashe babban bishop na Tuam a wani artabu kusa da Sligo, aka binciki kayansa, sai ga kwafin yarjejeniyar. Majalisa ta buga ta a Landan a farkon 1646 da sunan The Irish Cabinet, sarki ya ce bai san zancen ba. Sulhun Ormond na farko, da aka sa wa hannu a Maris aka yi shelarsa a ƙarshen Yulin 1646, bai yi rai ba. Jakadan Fafaroma, Rinuccini, wanda ya iso a 1645 da kuɗi da makamai, ya ce ba a tsare wa coci komai ba, ya yi barazanar yanke duk mai goyon baya daga coci, kuma Owen Roe, da ya fito daga nasarar Benburb a watan Yuni, ya tsaya masa da takobi. Dama zaman doya da manja ake yi a Kilkenny tsakanin jikokin tsoffin Turawan da suka shigo tun ƙarni na 12, masu filayen da suke tsoron rasawa, da asalin 'yan ƙasa na Ulster waɗanda nasu filayen sun riga sun tafi. Ba abu ɗaya suke nema a teburi ba.

Sulhu na biyu an sa masa hannu ranar 17 ga Janairun 1649. Bayan kwana goma sha uku aka fille kan sarkin da aka yi shi da sunansa. Sabuwar gwamnatin Landan ta ga cewa babu abin da zai ɓata sunan 'yan sarauta kamar a nuna wa jama'a abin da suka yarda da shi, sai ta sa a buga sharuɗɗan sukutum, ta kuma ɗora wa Milton, sabon sakatarenta na harsunan waje, rubuta sharhi. Babu sunansa a jiki. Abin da ya sa na fifita wannan ƙasida shi ne muryoyi nawa ke cikin bango ɗaya. Akwai sharuɗɗan kansu, sashe 35. Akwai wasiƙar da Ormond ya aika wa Kanar Michael Jones, gwamnan Dublin na ɓangaren majalisa, yana zawarcinsa ya sauya sheƙa, da amsar Jones mai kaushi. Wannan Jones ɗin, a lura, ɗan'uwan Henry Jones ne mai tattara bayanan rantsuwa, uba ɗaya. Akwai takardar limaman cocin Sukotlan na Belfast, waɗanda suka tsani sulhun amma suka la'anci kisan sarki. Sai Milton a ƙarshe yana bi da bulala, kuma abin mamaki, limaman Belfast sun fi shan duka a hannunsa fiye da Katolikan.

Karanta sharuɗɗan yana sauya wa mutum tambaya. Temple zai bar ka da tambayar wa ya kashe wa. Sharuɗɗan kuwa suna nuna maka abin da ya dami waɗanda suka ɗauki makami: a ɗauke musu rantsuwar amincewa da sarki a matsayin shugaban coci, a daina tilasta musu zuwa ibadar Furotesta, a kira majalisa mai 'yanci, a yafe abin da ya wuce, a buɗe musu ƙofar muƙamai, a bar musu cocin da ke hannunsu har sarki ya yanke hukunci. Ka ga wannan na ƙarshe, jinkiri ne aka yi wa ado, kuma nan ne masu adawa suka riƙe. Sai kuma sashe na 22, wanda na fi so a duk takardar: a soke dokoki biyu, mai hana ɗaura garma a wutsiyar doki da mai hana ƙona hatsin oats a cikin karansa don a raba ƙwaya da ƙaiƙayi. Milton ya yi ta ba'a da wannan, a wurinsa shaidar ƙauyanci ce. Ni kuwa abin da na gani shi ne cewa a tsakiyar cinikin kambi da coci, wani ya tuna da manomin da ake ci wa tara a gonarsa, ya nace sai an rubuta. Ba za ka sami wannan manomi a Temple ba, ba kuma za ka same shi a Castlehaven ba.

Ƙasidar na da nata giɓin. Ba ta ba da labari, don haka wanda bai san jerin abubuwan da na kawo a sama ba zai ɓata. Harshen lauyoyi ne mai maimaita kansa, sunayen kwamishinoni goma sha biyu na ɓangaren Katolika da aka ɗora wa kula da sulhun sai a jero maka su sau da yawa har ka gaji. Sharhin Milton kuma a kan Katolika bai fi Temple adalci ba, adadin mamatan da ya ɗauka na kumbure ne. Babban rashi shi ne muryar Katolikan da suka ƙi sulhun. Kilkenny da Waterford na da maɗaba'a, an ma buga sukar sulhun farko da Walter Enos ya rubuta a 1646, amma ƙarfin maɗaba'un Landan daban ne, kuma mafi yawan abin da ɓangaren Katolika ya rubuta ko dai da Latin ya fito a ƙasashen waje ko ya zauna a rubutun hannu. Richard Bellings, sakataren majalisar ƙoli ta Kilkenny, wanda ya fi kowa sanin abin da aka faɗa a ɗakin ciniki, sai tsakanin 1882 da 1891 John Gilbert ya buga tarihinsa cikakke. Shi ma mutumin Ormond ne, surukin shugaban majalisar, kuma ya sami filayensa bayan dawowar sarauta a Ingila a 1660. Kishiyarsa, wani marubucin da ba a san sunansa ba, mai kaifin baki, masoyin Owen Roe, wanda ke ganin masu sulhu maciya amana ne, shi ma Gilbert ne ya fito da shi a 1879 zuwa 1880. Su biyun ba a buga tarihinsu a zamanin ba, amma wanda zai yi bincike mai zurfi a kan sulhun ƙarshe wurinsu zai dangana, kuma kada ya karanta ɗaya ya bar ɗaya.

Akwai ƙananan tarkuna da ke kama sabon shiga, ko wanne ya zaɓa. A tsohon ɗab'i harafin s yana da doguwar siffa mai kama da f, sai ido ya saba. Ranar farko na yi ta karanta kalmomi ba daidai ba ina zargin mai bugu. Wanda ya fi haɗari shi ne kwanan wata. A Ingila ta lokacin sabuwar shekara na kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka takardar sulhun za ka ga an rubuta Janairun 1648 alhali a lissafinmu 1649 ce. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka an yi sulhu shekara guda kafin a kashe sarki, ya gina hujja a kan iska.

Idan abin da kake nema shi ne yadda ake gina ƙiyayya da takarda, ɗauki Temple, amma ka buɗe bayanan Trinity a gefe, ka zaɓi gunduma ɗaya kamar Armagh, ka riƙa gwada abin da ya ɗauko da abin da mai shaida ya faɗa. Ba tare da wannan ba, ban ba ka shawarar ka fara da shi ba, don yana da iya shiga rai, kuma abin da ya fara shiga da wuya ya fita. Idan hutun ƙarshen mako kawai gare ka kuma labari kake so, Castlehaven ya ishe ka. Amma ɗalibin da zai yi rubutu, ko mai son gane dalilin da ya sa aka kwashe shekara shida ana ciniki sannan abin ya rushe, ya fara da ƙasidar 1649. Gajeriya ce, takardar asali ce ba labarin takarda ba, kuma maƙiyan sulhun ne suka buga ta, don haka ba su da dalilin yi mata kwalliya. Sulhun kansa bai daɗe ba. Michael Jones ya fatattaki rundunar Ormond a Rathmines ranar 2 ga Agustan 1649, Cromwell ya sauka Dublin bayan mako biyu, kuma a Agustan 1650 Charles na Biyu, ɗan sarkin da aka kashe, don ya sami goyon bayan Sukotlan, ya fito ya ce babu ruwansa da yarjejeniyar.